Gilashin Motar Rabilu

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku, amma ba ta dariya ba ce. Ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci. Ni nawa faɗa ne kawai.

A Kaduna an yi wani mutum sunansa Rabilu. Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a masaƙa, a sashen da ake shiɓar auduga. A can ya yi abokai uku, Sallau da Jatau da Haladu, kwano ɗaya suke sa hannu in an tashi cin abinci. Da masaƙa ta rufe sai kowa ya kama gabansa. Sallau ya koma garinsu a bayan Saminaka yana sayar da kayan gyaran mota. Jatau ya sami a-kori-kura yana ɗaukar kaya. Haladu ya koyi sa gilashin mota da aikin wayoyinta, har ya zama babu kamarsa a unguwar. Shi kuwa Rabilu haya ya shiga yi, a hankali har ya mallaki mota irin wadda ake ce wa haibirid, mai tafiya da fetur da kuma batir. In ta taho ba ka jin ƙararta sai ta zo dab da kai, kuma mai kaɗan take sha.

To, ƙurar audugar nan ashe ba ta bar shi ba, tana nan kwance a huhunsa. Da girma ya zo sai ta tashi. Tun yana tari yana fita aiki, har ya kai ba ya iya taka tsakar gida sai ya huta sau biyu. Daga ƙarshe aka haɗa shi da na'urar numfashi, wadda in ta tsaya shi ma ya tsaya. Haladu ne ya zauna ya haɗa na'urar da batirin motar, yadda in an ɗauke wuta sai a kwantar da shi a kujerar baya a tayar da ita. Matarsa Barira ta koyi tuƙi saboda kai shi asibiti. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan.

Akwai abin da ya fi ciwon damun Rabilu. Yana da uwa, Inna Tabawa, a wani ƙauye can bayan Haɗeja. Tun yana da ƙarfinsa ya sayar da gonar da ubansa ya bari ba da saninta ba, gonar da ita ta yi wa shinge da hannunta. Ranar da ta ji, ta ce kada ya sake taka mata zaure. Ya yi fushi shi ma, ya tafi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ya aika da kaya ta mayar, ya aika da mutane ta sallame su. Da aka kai mata waya a kunne, ture ta ta yi, ta ce in yana da magana ya zo da ita da bakinsa. Yanzu ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ƙugunta ya karye, ba ta ɗaukuwa zuwa ko'ina.

Wata ranar Litinin a farkon damina likita ya ja Barira gefe ya ce mata in akwai abin da mijinta yake son yi, a yi shi cikin makon nan. Ba ta gaya masa ba, amma ya gani a fuskarta.

Ya ce, "Barira, ki kai ni wurin Inna."

Ta ce, "Gobe da asuba, Malam, in Allah ya kai mu."

Ba a kai goben ba. Da la'asar hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi, ta ɗauko fallen kwano daga rufin maƙwabta ta maka shi a gaban motar. Gilashin gaba ya farfashe ya lotsa ciki, ruwa ya yi ta zuba a kan wayoyi.

Za ku ce ai sai a nemi wata mota. An nema. Babu wadda za ta riƙe na'urar nan tafiyar yini guda, kuma lokacin ana wahalar mai, direbobi ba sa yarda da doguwar hanya. Za ku ce a rufe gaban da leda. Mutumin da ko hayaƙin murhu ya shaƙa sai ya shiɗe, ina zai iya da iskar titi? Sai dai gilashi, kuma ba kowanne ba. Na motar nan yana da lanƙwasarsa daban, yana da gurbin wata 'yar kyamara a bayan madubi wadda motar ke duba hanya da ita. Aka zaga kasuwar Panteka rumfa rumfa, babu. Aka buga waya Kano, babu. Wani ya ce zai sa a taho da shi daga Legas, amma sai an yi kwana goma.

Labari ya kai wa Sallau ranar Talata. Ya ajiye wayar, ya san inda gilashin yake. Yana bayan ɗakinsa. Shekara uku kafin nan ɗansa Nafi'u, wanda shi kaɗai gare shi, ya sayi mota iri ɗaya da ta Rabilu, don a wurin Rabilun ya gan ta ya yi sha'awa. Wata huɗu ya yi da ita tirela ta haye ta ta baya. Bayan motar ya tattare gaba ɗaya, Nafi'u bai ko shura ba, amma gilashin gaba ko tsaga bai yi ba. Sallau ya sa aka jawo ta gida ya lulluɓe da tamfol. Mai sayar da kayan mota ne, amma ko ƙusa ɗaya bai taɓa cirewa daga jikinta ba, ya kuma kori duk wanda ya zo taya. Matarsa Uwani kullum da safe sai ta ɗaga tamfol ɗin ta goge gilashin da gefen zanenta, ta leƙa kujerar da yaron ya zauna, sannan ta je ta hura wuta.

Sallau ya same ta a madafa ya gaya mata. Ta ce, "Malam, abin da ya rage mini ke nan."

Ya ce, "Na sani. Ni ma shi ya rage mini. Amma can akwai wata uwa da nata ɗan yake da sauran numfashi."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi ya ɗauko siririyar waya ya zura ta tsakanin gilashi da ƙarfe, ya naɗe bakinta biyu a hannuwansa, ya shiga ja yana yanka gam ɗin a hankali. Aikin mutum biyu ne, amma bai yarda kowa ya taɓa ba. Tun azahar yake yi har rana ta yi ja. Wayar ta yanka masa yatsu, jini na bin gwiwar hannunsa, bai tsaya ba. Da gilashin ya rabu da motar ya ɗaga shi, sai ga kujerar Nafi'u a fili babu abin da ya tsare ta. Nan ya durƙusa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Tun daga ranar Uwani ba ta ƙara zuwa bayan ɗakin ba, magana ma ta rage, sai in ya tambaye ta abu ta amsa.

Jatau ne ya zo ɗauka ranar Laraba da safe. Suka naɗe gilashin da bargo biyu, suka kwantar da shi a kan katifa a bayan a-kori-kura. Ya kamo hanya yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin ya iso kogin da ya haye da safe, ruwan da aka yi a tudu ya sauko ya cinye gadar. Motoci sun yi layi ta kowane ɓangare. Masu kwale-kwale suka ce ba mai shiga sai ruwa ya faɗa, watakila jibi. Zagaye kuma kwana biyu ne a kan hanyar da ko buhun masara sai ya fashe.

Jatau mutum ne mai ciwon suga, an sha gaya masa ya kiyayi rauni a ƙafa. Ya bar motarsa a hannun wani mai shayi, ya ɗora gilashin a ka, ya bi gaɓa ya yi sama har inda Fulani suke ƙetarar da shanu. Mutane na yi masa ihu ya dawo. Ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ne wani rodi da ruwa ya kwaso ya soke shi a sha-raɓar hagu ya yaga. Duk wanda aka yi wa haka hannunsa zai kai wurin ciwon. Jatau bai saki ba. Ya tsaya cik, hannu biyu a sama, ruwa na tura shi, har jirin ya wuce, sannan ya ja ƙafar ya ci gaba. Da ya fita ya jingina gilashin da bishiya tukuna, ya duba shi, sannan ya yage gefen rigarsa ya ɗaure ƙafar.

A ƙauyen da ke gaɓar ya kwana. Wani mai kemis ya duba raunin ya ce maza ya nufi asibiti. Jatau ya ce sai ya sauke amanar mutane. Da gari ya waye ya sami motar itace, ya hau baya ya zauna, gilashin a kan cinyarsa, duk ramin da aka faɗa shi yake karɓar bugun da jikinsa. Ya iso ƙofar gidan Rabilu da hantsin Alhamis, ƙafar ta kumbura har wando ya ɗame ta. Ya miƙa wa Barira gilashin ya ce, "Ga shi nan, ki ce wa mutumina ya shirya." Daga nan aka wuce da shi asibiti. Bayan kwana tara likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da aka kwance bargo sai aka ga wani ɗan ƙwarzane a kusurwar gilashin ta ƙasa, bai fi ƙwayar gero ba. Masu sa gilashi biyu aka kira, duk suka duba suka ja da baya. Suka ce da an danna shi tsagar za ta gudu har sama, kuma su ba sa taɓa motar da ruwa ya shiga wayoyinta, don babban batirinta yana iya kashe mutum. Mutum ɗaya ne zai iya, Haladu. Shi kuwa Haladu kwanansa uku a sansanin alhazai. Shekarunsa sittin da shida, tun yana masaƙa yake burin zuwa Makka, sai bana Allah ya nufa. Jirginsu shi ne na ƙarshe, kuma ranar zai tashi bayan azahar. Rabilu ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya masa.

Jatau ne ya gaya masa, daga kan gadon asibiti. Lokacin an fara kiran sunaye ana shiga bas. Haladu ya tsaya da jakarsa a kafaɗa, aka kira sunansa sau biyu. Wanda ke bayansa ya taɓa shi ya ce, "Alhaji, kai ake kira." Ya ce masa, "Wuce, ina zuwa." Ya fita ta ƙofar baya ya tari ɗan acaɓa.

Da Rabilu ya gan shi a tsakar gida, ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ya ce, "Haladu, don girman Allah ka koma."

Haladu ya ce, "Ɗakin Allah yana nan inda yake. Kai ne ba ka da baɗi. Kwanta ka bar ni in yi aikina."

Ya fara da kashe babban batirin. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya busar da su. Ya kankare tsohon gam da reza har ƙarfe ya fito fes, ya tsince ɓarɓashin gilashi daga ramukan iska don kada ya hura wa marar lafiya a fuska. Sannan ya zauna a kan ƙwarzanen nan, ya ɗiga masa wani ruwan gam da bakin allura, ya shanya shi a rana ya kama. Wayarsa na ta ƙara a aljihu, bai duba ba. Yana cikin zagaya bakin tagar da sabon gam jirgi ya wuce ta saman unguwar, ƙararsa ta cika gidan. Barira ta ɗaga kai. Shi bai ɗaga ba, don in hannu ya karkace a wurin nan ruwa zai shiga. Ya ɗauki gilashin ya saukar da shi sau ɗaya tak, ya zauna daram. Daga nan ya juya motar ta fuskanci bango, ya ja zare, ya yi alamu da alli, ya saita kyamarar har fitilun gargaɗi suka mutu. Ya kunna na'urar numfashi ta ɗauka. Ana kiran magariba ya wanke hannu ya ce kada a motsa ta sai da safe. Da shekara ta zagayo ya sake neman tafiya, likitan alhazai ya auna shi ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Har yau bai je ba.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba Barira ta ja motar, Rabilu na kwance a baya, Haladu ya raka su, shi da Sallau wanda ya iso cikin dare bayan ruwan kogi ya faɗa. Sau biyu ruwa ya tare su a hanya, ko ɗigo bai shiga ba. Na'urar ba ta tsaya ba. Wajen Ringim Rabilu ya ce a ɗaga shi, aka jingina shi yana kallon hanya, yana faɗin sunayen garuruwa kafin a kai su. Suka shiga ƙauyen da la'asar, aka kai motar har bakin ɗakin tsohuwar saboda igiyar na'urar ba ta da tsawo.

Inna Tabawa tana kwance a kan tabarma. Ta ji motsi ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Na zo da bakina."

Ta juyo inda muryar take. Can ta miƙo hannu, aka matso da shi. Ta shafa fuskarsa, ta ci karo da robar da ke hancinsa, ta bi ƙasusuwan kumatunsa da yatsa.

Ta ce, "Haka ka koma?"

Ya ce, "Inna, ki yafe mini gonar nan."

Ta ce, "Wace gona? Na yafe tun kafin idona ya tafi. Kullum ina sauraren zaure, girman kai ne ya hana ni aikawa. Kai ma ka yafe mini, Rabilu."

Matan da ke ɗakin suka fashe da kuka, don shi ne ɗanta na fari, tunda ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ta sa aka dama fura, ta ba shi da ludayi da hannunta, ya sha biyu ya ce ya ƙoshi.

Washegari da hantsi ya kira matarsa. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da ta kai kunne. Ya ce, "Barira, motar nan kada a sayar, kada a raba. Wasiyya ce. Cikin mutanen nan uku, ki ba wa wanda..." Tari ya sarƙe shi. Ta jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Kalmar shahada ce ta biyo baya, kansa a kan cinyar uwarsa. A ƙauyen aka binne shi kafin azahar.

Da Barira ta fita takaba, malamin da ya raba gado ya ce wasiyyar ta inganta, tunda motar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya bari ba, kuma mutanen nan ba magada ba ne. Amma mutum ɗaya mamaci ya nufa, sai a nemo shi. Ta tara su uku a zaure, ta ajiye makulli a kan tabarma. Sallau ya ce a ba Jatau, don motar ba ta da kuloci, da ƙafa ɗaya ma zai tuƙa ta ya ci abinci. Jatau ya ce a ba Haladu, don shi ƙafa ya rasa, Haladu kuwa abin da ya rasa ba ya misaltuwa. Haladu ya ce a ba Sallau, ko Uwani ta sami abin da za ta riƙa gogewa da safe. Suka yini a haka, ba wanda ya miƙa hannu. Da yamma kowa ya tashi, makulli yana nan inda aka ajiye shi, Barira ta ɗauka ta mayar ɗaki.

To, kun ji yadda aka yi. Da Sallau bai ciro gilashin daga motar ɗansa ba, da babu abin ɗaukowa. Da Jatau ya saki hannu a tsakiyar kogi, da a can ya ƙare. Da Haladu ya shiga bas ɗin nan, da gilashin yana jingine a bango Rabilu ya cika a Kaduna, tsohuwa na can tana sauraren zaure. Ni na juya maganar nan shekara da shekaru ban tsayar da ita ba. Yanzu ku faɗa mini, in ku ne Barira, a hannun wa za ku sa makullin nan?